Rediyon Tauraron Ɗan Adam da Kwamfutar Mota Haɗin Gida

Tun da aka fara ɗora rediyo a cikin mota ake fama da matsala guda, wato nisa. A shekarar 1930 ne Paul Galvin da ɗan'uwansa Joseph suka fito da rediyon mota mai suna Motorola a birnin Cikago na Amurka, jama'a kuma suka karɓe shi hannu bibbiyu. To amma tasha tana da iyaka. Da zarar matafiyi ya yi nisa da gari sai murya ta fara dusashewa, ƙara ta taso, ya shiga murɗa rediyo yana laluben wata tashar. A ƙasa mai faɗin Amurka, inda mutum kan kwana uku ko huɗu a hanya kafin ya ƙetare ta, wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

Maganin ya zo ne daga sama. A 1997 hukumar sadarwa ta Amurka ta yi gwanjon lasisi biyu na watsa shirye-shirye ta tauraron ɗan Adam. Kamfanin XM ya fara aiki a 2001 da taurari biyu da ke tsaye kimanin kilomita 36,000 a saman ƙasa, Sirius kuma ya biyo baya a 2002. Kowannensu na ɗauke da tashoshi wajen ɗari, kuma murya ba ta yankewa daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, sai fa in dogon gini ko ramin dutse ya tare eriya. Saboda haka suka kakkafa na'urorin taimako a manyan birane. Sai dai ba kyauta ba ne. Kowace akwati tana da lambarta, kuma kamfani ne ke buɗe ta daga nesa bayan an biya kuɗin wata, ya rufe ta in an daina biya.

A daidai wannan lokaci ne wasu masu ƙiriniyar fasaha suka duƙufa wajen harhaɗa kwamfuta a motocinsu. Sukan ɓoye ƙaramar kwamfutar a bayan mota ko ƙarƙashin kujera, su fafe gaban mota su kafa allo mai inci bakwai wanda ake taɓawa da yatsa. Aikin yana da wuya. Batirin mota volt 12 yake bayarwa, kuma wutar kan faɗi a duk lokacin da aka murza makulli, sai kwamfutar ta mutu. Ga zafin rana, ga gargadar hanya da ke lalata faifan ajiya. Duk da haka sun cim ma abin da kamfanonin motoci ba su kai ga bai wa talaka ba a lokacin: dubban waƙoƙi da taswirar hanya a allo ɗaya. Abin da ya rage musu shi ne muryar da ke zuwa kai tsaye, labarai da wasanni da yanayin sama.

A 2003 XM ta fito da wata 'yar akwati mai suna XM PCR wadda ake jona wa kwamfuta. Don masu zaman ofis aka ƙera ta, amma masu motoci suka yi caraf suka ɗauke, suka rubuta manhajojin da ke nuna sunan tasha da na mawaƙi a allonsu. Daɗin bai daɗe ba. A 2004 wani ɗan ƙasar Kanada ya rubuta manhajar TimeTrax, wadda ke naɗar abin da akwatin ta kamo, ta yayyanka shi waƙa-waƙa, kowace da sunanta. Mutum ya kwanta barci, ya wayi gari da taskar waƙoƙi. A cikin shekarar XM ta janye akwatin daga kasuwa, farashin ta hannu kuma ya yi tashin gwauron zabo. A ganinmu nan ne ainihin labarin yake. Mai haɗin gida ya mallaki allo da waya da kowane noti, amma makullin muryar yana hannun wani. Ba su dai haƙura ba, suka koma kan XM Direct, wadda aka yi don rediyon mota, suka ƙirƙiro mata wayar da kwamfuta za ta iya sarrafa ta.

Afirka ma ta taɓa ɗanɗana wannan fasaha, har ta riga Amurka. Noah Samara, haifaffen Habasha, ya kafa WorldSpace a 1990, aka harba tauraronsa AfriStar a 1998, ya fara watsa shirye-shirye a 1999. Amma akwatinsa ta yi wa yawancinmu tsada, alhali da 'yan batura ƙalilan ana kama gajeren zango kyauta. Kamfanin ya durƙushe a 2008, shekarar da XM da Sirius suka haɗe saboda nauyin bashi.

Kwamfutar mota haɗin gida kuwa wayar hannu ce ta ci kasuwarta. Apple ta fito da CarPlay a 2014, Google ta biyo da Android Auto a 2015, allon da a da ake fafe gaban mota a kafa ya zama abin da mota ke fitowa da shi daga masana'anta. Haɗaɗɗen kamfanin SiriusXM yana nan da masu biya sama da miliyan 30, kuma yawancin akwatunansa a jikin motar ake sayo su.