Ƙa'idojin Amfani da Kayan Lantarki a Wuraren da ke da Haɗarin Fashewa

Wurin da ke da haɗarin fashewa shi ne duk inda tururin man fetur, iskar gas ko ƙura mai cin wuta ke iya gauraya da iska har ya zama tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Gidajen mai, wuraren ɗura gas na girki, defo-defo na mai, masana'antun fenti, manyan injinan niƙa da ɗakunan ajiye hatsi duk suna cikin wannan rukuni. Saboda haka ne doka ba ta yarda a sanya irin makunni, soket ko ƙwan lantarkin da ake amfani da su a gidaje a irin waɗannan wurare ba.

Yadda haɗarin yake faruwa

Kowane makunni yana fitar da ɗan tartsatsi a cikinsa a duk lokacin da aka kunna shi ko aka kashe. A cikin gida wannan ba komai ba ne. Amma idan tururin fetur ya kai kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wuri, ko gas na girki ya kai kimanin kashi 2 zuwa 10, wannan ɗan tartsatsi ya wadatar. Bugu da ƙari, tururin fetur da gas na girki sun fi iska nauyi, don haka ba sa tashi sama su watse. Ƙasa suke kwanciya, su bi kwata da ramuka, su taru a inda ido ba ya gani. Wannan ne ya sa wuta kan tashi nesa da inda man ya zuba.

Ƙura ma haka take, kodayake jama'a ba su cika ɗaukar ta da muhimmanci ba. Garin masara, na alkama, sukari da ƙurar katako, idan suka turnuƙe a rufaffen wuri, suna fashewa. A shekarar 2008 ƙurar sukari ta fashe a wata matatar sukari da ke jihar Jojiya ta Amurka, mutum 14 suka rasu.

Tushen waɗannan ƙa'idoji daga ramukan haƙar kwal yake. A shekarar 1913 wata mahaƙa a garin Senghenydd da ke yankin Wales na Birtaniya ta fashe, ma'aikata 439 suka mutu, aka kuma yi zargin tartsatsin wayar ƙararrawa ce ta kunna gas ɗin ramin. Binciken da ya biyo baya shi ya haifar da dabarar ƙera na'urorin da ƙarfin wutarsu bai kai ya kunna gas ba.

Hukumomin da abin ya shafa

A Najeriya ba hukuma ɗaya ce ke riƙe da wannan aiki ba, kuma wannan na daga cikin abubuwan da ke rikita masu sana'a. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke tsara ma'aunin ingancin kaya, ita kuma ke tantance kayan lantarkin da ake shigowa da su daga waje ta ƙarƙashin shirin SONCAP. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta ci gaba da ita, ita ke duba aikin wayoyi da na'urori, ta gwada su, ta ba da takardar shaida, har da na wurare masu haɗari irin su gidajen mai. Ita ce kuma ke ba masu aikin haɗa wuta shaidar ƙwarewa.

Lasisin gidan mai da na wurin ɗura gas yana hannun hukumar NMDPRA. Ya kamata jama'a su sani cewa tsohuwar hukumar DPR, wadda har yanzu wasu ke ambata, ta daina aiki tun bayan Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021. Su kuwa masana'antu da manyan injinan niƙa, Dokar Masana'antu ta 1987 ce ke kansu, jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke duba su. A matakin jiha, hukumar tsara birane da hukumar kashe gobara suna da ta cewa kafin a kafa irin waɗannan wurare.

Rabe-raben wuri da alamar kaya

Ma'aunin da ƙasashen duniya suka fi bi shi ne IEC 60079. Ya kasa wuraren gas da tururi gida uku. Shiyya ta 0 ita ce inda haɗarin yake kullum ko na tsawon lokaci, kamar sararin da ke saman mai a cikin tanki. Shiyya ta 1 ita ce inda ake sa ran tururi yayin aiki na yau da kullum, kamar cikin famfon sayar da mai da bakin bututun da tanki ke shan iska. Shiyya ta 2 kuwa ita ce inda tururi ba ya zuwa sai an samu matsala, kuma ba ya daɗewa. Wuraren ƙura ana kiran su shiyya ta 20, 21 da 22 a bisa wannan tsari.

Kayan da aka ƙera domin waɗannan shiyyoyi suna ɗauke da alamar Ex a jikin farantin bayaninsu, sai harafi ya biyo baya. Harafin d na nufin an rufe na'urar a cikin akwatin ƙarfe mai kauri, wanda ko gas ya shiga ya fashe a ciki, harshen wutar ba zai fito ba. Harafin e na nufin an ƙarfafa mahaɗan wayoyi yadda ba za su yi tartsatsi ko zafi ba. Harafin i kuwa shi ne waccan dabarar rage ƙarfin wuta da aka gada daga mahaƙar kwal. Akwai kuma lambar zafi daga T1 zuwa T6: T1 na nufin jikin na'urar ba zai wuce digiri 450 a ma'aunin Salshiyas ba, T3 digiri 200, T6 kuwa digiri 85. Wurin fetur yana buƙatar T3 ko wadda ta fi ta sanyi.

A nan ne aka fi samun kuskure. Akwatin Ex d da aka buɗe aka mayar da murfinsa da ƙusoshi biyu maimakon takwas, ko aka huda shi domin a zura wata waya, ya tashi daga aiki ko da alamar na nan a jikinsa. Sau da yawa kayan kirki ake saye, sai gyaran da mai aikin wuta na unguwa ya yi daga baya ya lalata su.

Halin da ake ciki a karkara

Dokokin nan an tsara su ne da manyan wurare a zuciya, alhali haɗarin ya fi yawa a ƙananan. 'Yan bumburutu na ajiye jarkoki a ɗakin da ke da soket da fanka. Masu ɗura gas na buɗe shago kusa da mai walda ko mai cajin waya. Wasu kuma kan kwashe fetur da famfon ban-ruwa ko janareta. A watan Janairun 2025, a mahaɗar Dikko da ke jihar Neja, wata tankar mai ta fashe, fiye da mutum 80 suka rasu, rahotanni kuma suka danganta tashin wutar da janaretan da aka kunna domin juye man zuwa wata mota.

Yaɗuwar sola ta ƙara wani abin lura. Batiran da ake zuba wa ruwa suna fitar da iskar haidurojin yayin caji, wadda ke kama wuta cikin sauƙi. Ita wannan sama take tashi, don haka ɗakin batir yana buƙatar kafar iska kusa da rufi.

Ƙaramar hukuma ba ta da ikon ba da lasisin gidan mai, amma jami'anta, tare da hakimai, dagatai da masu unguwanni, su ne suka fi kowa kusa da abin. Suna da damar neman ganin lasisin NMDPRA, takardar binciken NEMSA da rahoton hukumar kashe gobara kafin su sa hannu a kan fili ko rumfar kasuwa, su kuma kai rahoton duk wurin da ke aiki ba tare da su ba. Ana kira ga magidanta da cewa idan aka ji warin gas a ɗaki, kada a kunna makunni kuma kada a kashe wanda ke kunne. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da tagogi, a fita waje kafin a buga waya.