Yadda Mutanen Ailan Suka Ƙaurace wa Kyaftin Boikot

A cikin shekarar 1880, sa'ad da ƙasar Ailan ke ƙarƙashin mulkin Ingila, akwai wani mutumin Ingila a lardin Mayo, ana ce masa Kyaftin Boikot. Shi ne wakilin wani mai ƙasa, Lod Ern, yana karɓar masa kuɗin hayar gonaki. To, a shekarun nan amfanin gona ya yi ta lalacewa. Manoma suka roƙa a rage musu kashi 25 cikin 100, aka ce sai dai kashi 10. Da biya ya gagara, sai Boikot ya tashi korar magidanta 11 daga gonakinsu.

A watan Satumba kuwa, Farnel, jagoran 'yan kishin ƙasa, ya gargaɗi jama'a kada su zub da jini, amma duk wanda ya karɓi gonar da aka kori wani, a juya masa baya. Mutanen Mayo suka soma gwada dabarar a kan Boikot. 'Yan ƙodago suka watse, maƙeri ya ƙi yi masa aiki, masu kanti suka ƙi sayar masa da kome, har mai kai wasiƙa ya ɗauke ƙafa.

Ra'ayin jama'a ya rabu biyu. Talakawan Ailan suka ce makamin marar ƙarfi ke nan. A Ingila kuwa jaridu da dama suka ce zalunci ne, don an hukunta mutum ba alƙali, an kuma tilasta wa waɗansu shiga da tsoratarwa. A watan Nuwamba mutum 50 suka zo daga arewa suka girbe masa amfanin gona, soja da 'yan sanda wajen 1,000 na tsaronsu. Aka kashe kamar fam 10,000 a kan amfanin da bai wuce fam 500 ba. Boikot ya bar ƙasar a watan Disamba.

A 1881 Majalisar Ingila ta yi dokar da ta ba manoma ikon kai ƙarar tsadar haya. Amma a 1888 fadar Fafaroma ta haramta irin wannan ƙauracewa. Sunan Boikot ya zama kalma a Turanci, ma'anarta yanke hulɗa. Yau ana yin irinta ta intanet, gardamar kuwa ba ta sake ba: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma in taro ya yi kuskure, wa za a kai wa ƙara?