Tarihin Kalmar "Ƙwayar Cuta" da Abin da Take Nufi

Kalmar nan "ƙwayar cuta" ta zauna a bakin malaman tsabta har ta zama kamar gadonmu ce, alhali kuwa ma'anar da take ɗauke da ita ba ta daɗe ba ko a ƙasar Turai. Cikin shekara ta 1676 Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya ba da labarin 'yan halittu da ya gani cikin ruwa da madubinsa, amma sai bayan shekara ɗari biyu aka tabbatar cewa irinsu na jawo ciwo. A 1882 Robert Koch na Jamus ya nuna ƙwayar tarin fuka. Sharuɗɗan da ake jingina masa su ne: a sami ƙwayar a jikin kowane majinyaci, kada a same ta ga mai lafiya, a raine ta ita kaɗai a waje, sa'an nan a sa wa lafiyayyar dabba ta kamu.

To, sharuɗɗan ba su daɗe ba suka fara tsagewa. A 1892 Pettenkofer, tsohon malami a Munich, ya kurɓi ruwa mai ƙwayar kwalara da gangan, bai sami kome ba sai ɗan zawo. Ƙwayar kuturta kuwa, wadda Hansen ya gani a 1873, har yau ba a iya rainonta a kwanon gwaji ba. A 1982 Prusiner ya kawo abin da ya fi waɗannan rikitarwa, watau furotin da ya naɗe ba daidai ba, ba shi da rai, amma yana yaɗuwa yana lalata ƙwaƙwalwa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne sanƙarau. Ƙwayarsa na zaune a maƙogwaron mutane da yawa suna harkarsu lafiya lau, ita ce kuma ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya a 1996. A nan nake ganin nahawu ya yi mana gaggawa. Harafin "r" na "ƙwayar cuta" ya ɗaure ƙwaya da cuta kamar yadda ya ɗaure "rigar sarki", sai ɗalibi ya ɗauka duk wanda ke ɗauke da ita majinyaci ne, ya guje shi. Likitocin yau kuwa suna duban abu uku tare: ƙwayar, da ƙarfin jikin da ta shiga, da lokacin, kamar watannin ƙura da zafi kafin saukar damina, sa'ad da sanƙarau ya fi tashi.