Magajin Maƙeri a Layin 'Yan Katako

Sana'ar itace a arewacin Zamfara ba ta taɓa cin gashin kanta ba. Masassaƙin da ke fafe turmi daga gungumen ƙirya, ko ya sassaƙa akushi da ƙotar fartanya ya kai kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, gizagonsa da gatarinsa daga maƙera suka fito, can kuma suke komawa idan baki ya dakushe. Har gawayin da maƙeri ya fi so na ƙiryar ne. Magini ma da gatarin maƙeri ake tsage masa azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi mata illa ba. A ganina, mai gyaran lantarkin da ke tsugune yau gaban injin yankan katako shi ne ya gaji wannan gurbi, kuma ya cancanci a ƙidaya shi cikin masu sana'ar.

Sauyin ya faro ne da dogo. A 1929 layin jirgin ƙasa daga Zariya ya ratsa Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda. Don kwasar gyaɗa da auduga aka shimfiɗa shi, amma a wancan zamani taragon da ya sauka da amfanin gona ba ya hawowa wayam: yana ɗauko kwanon rufi da ƙusa da katakon dazukan kudu, inda a da kamfanoni irin su African Timber and Plywood na Sapele ke tsaga gungume da inji. Kwano kuwa ba ya zama a kan azara mai lanƙwasa, sai kan katakon da aka yanka bisa awo. Nan kafinta ya sami shiga, a hankali soro ya ja da baya a garuruwa irin su Zurmi da Kurya Madaro. Da buƙata ta fi ƙarfin zarton hannu, sai inji ya karɓa, makullin aikin ya koma hannun wanda ya san abin da ke juya injin.

Wani zai ce mutumin da bai iya bambance maɗaci da kawo ba, ina shi ina sana'ar katako? To, a je layin 'yan katako ranar da wuta ta zo da rauni, na'urar da ke juya injin ta yi ta gurnani har warin ƙonanniyar waya ya tashi. Kafinta ya ajiye guduma, ɗan dako ya zauna, mai ginin da ke jiran katakon rufi ya kama lissafin damina. Babu mai motsi sai an kwance na'urar, an ciro baƙar wayar tagulla, an ƙirga zagayenta, an sake naɗa sabuwa daidai da adadin tsohuwar. Kuskuren ƙirga kaɗan ya isa ta sake ɗaukar zafi. Wanda aikin mutane da yawa ke rataye a yatsunsa haka, ba baƙo ba ne.

Akwai kuma masu cewa ai ba na 'yan katako kaɗai ba ne, tunda shi ke gyara injin niƙa da famfon ban ruwa. Gaskiya ne, amma maƙerin da ya ƙera gizago shi ya ƙera lauje da linzami, ba a kuma taɓa cewa masassaƙi zai rayu ban da shi ba. Abin da ya bambanta su hanyar koyo ce. Ƙira gado ce, sana'ar gyaran lantarki kuwa ana samunta a gaban maigida a shago, ko a aji, tun da aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura Namoda a 1983. Shi ya sa ɗan manomi ko ɗan mahauci ke iya riƙe ta yau, abin da zai yi wuya a maƙerar da.