Tarihin Wasiƙun Jirgin Sama a Kano

Wasiƙun jirgin sama ta gabas suka shigo Nijeriya, kuma Kano ce ta fara karɓarsu kafin Legas. Masu sha'awar tsofaffin finafinan Amurka sun san Only Angels Have Wings na 1939, wanda Howard Hawks ya ba da umarni, inda Cary Grant ya fito a shugaban wasu matuƙa masu sai da rai wajen haye duwatsun Andes da buhunan wasiƙu. Garin da ke cikin fim ɗin ƙagagge ne. Amma tun shekara uku kafin fitowarsa ake irin wannan aiki da gaske tsakanin Khartum da Kano.

An yi saɓani kan jirgin da ya fara sauka a birnin. Wasu littattafai sun ce wani jirgin yaƙi ne ƙwaya ɗaya da ya taso daga Sudan a watan Yuli 1925. Abin da ya fi inganci shi ne tafiyar jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Sun bar Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba 1925, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman. A filin dawakai suka sauka, wasu su ce na sukuwa, wasu su ce na folo. Kowane jirgi inji ɗaya gare shi, matuƙi kuma a waje kansa yake, rana da ƙura na dukansa.

Sai da aka yi shekara goma kafin wannan gwaji ya zama sana'a. A watan Fabrairu 1936, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kamfanin Imperial Airways ya buɗe layin mako-mako da jirgin DH.86 mai inji huɗu da fukafukai hawa biyu. Wasiƙa kan baro Landan a jirgin da ke zuwa Afirka ta Kudu, a sauke ta a Khartum, daga nan a juya da ita yamma: El Obeid, El Fasher, Geneina, Abeshe, Ati, Fort Lamy (Njamena ta yau), Maiduguri, sai Kano. Tafiyar ta haura kilomita 2,500, kuma kusan sawun alhazan ƙasar Hausa ta bi, waɗanda kan shafe watanni ko shekaru a ƙafa kafin su kai Bahar Maliya.

Hanyar ba ta da sauƙi. Da hunturu hazo kan rufe ƙasa har matuƙi ya kasa ganin gari sai yana kansa. Da damina filayen sauka, waɗanda ƙasa ce kawai aka share, kan zama taɓo, ga hadari mai tasowa ba sallama. Taswira da kamfas ne abin dogaro, sai alamun ƙasa irin su busassun koramu da duwatsun Marra na Darfur. Man jirgi ma sai an riga an kai shi kowane zango ta ƙasa. Da farko wasiƙu zalla ake ɗauka, domin hukumomin lafiya na tsoron kada fasinja ko sauro su kai cutar shawara gabas.

Ribar kuwa a fili take. A da sai wasiƙa ta yi kusan mako biyu a teku kafin Legas, sannan ta hau jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911. Jirgin sama ya mayar da tafiyar kusan mako guda. Jami'an mulkin mallaka da kamfanonin sayen gyaɗa da fatu su suka fi cin moriya. Mutumin Karaye, Rogo ko Gwangwan kuwa, sai takardarsa ta fara isa gidan waya na Kano a hannun ɗan aike, an manna mata kan sarki, kafin ta ga jirgi. A watan Oktoba 1936 aka miƙa layin zuwa Legas, a 1937 kuma ya kai Ankara ta Gwalkwas.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya nauyin hanyar baki ɗaya. Da Chadi ta bi bayan Janar de Gaulle na Faransa a watan Agusta 1940, sai Birtaniya ta fara kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi ta Gwalkwas, a harhaɗa su, a tuƙo su ayari-ayari ta Legas, Kano da Maiduguri zuwa Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940, kuma jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Coningham, wanda ya fara sauka Kano, shi ne ya jagoranci sojan saman da ke amfani da su a hamadar Masar da Libiya daga 1941.

Bayan yaƙi aka kafa kamfanin West African Airways Corporation a 1946, jigilar wasiƙun cikin gida ta koma hannunsa, manyan jiragen Turai kuma suka riƙa ratso Sahara kai tsaye suna yada zango a Kano.