Talakan Talakawa da Iyakar Ƙaramin Rance

An daɗe masana raya ƙasa suna kallon ƙaramin rance a matsayin maganin fatara, musamman bayan bunƙasar Bankin Grameen na Muhammad Yunus a Bangaladash. A can ɗin kuwa aka fara ganin giɓin. Ƙungiyar BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972, ta lura cewa bazawara marar gona, ko matar da mijinta ke kwance ba lafiya, ba ta shiga ƙungiyar masu rance. Ko dai sauran mata su ƙi ta don kada bashinta ya hau kansu, ko ita ta janye jiki, domin wadda ba ta da abin ɗora tukunya gobe ba ta ɗaukar alkawarin biya kowane mako.

A 2002 BRAC ta sauya dabara. Ta riƙa ba irin waɗannan mata saniya ko awaki kyauta, da ɗan kuɗin cefane don kada yunwa ta kai dabbar kasuwa, da horo, da malamin da zai riƙa leƙa su har kusan shekara 2. Binciken da su Abhijit Banerjee da Esther Duflo suka buga a mujallar Science a 2015 ya gwada tsarin a ƙasashe 6, har da Gana da Habasha. Shekara guda bayan janye tallafin, ci da dukiyar gidajen sun ɗara na takwarorinsu da ba su samu tallafin ba. Cikin ƙasashen, a Honduras ce riba ba ta mayar da jari ba, saboda cuta ta kashe yawancin kajin da aka raba a can.

Masu suka na cewa tsarin akwai tsada, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai sakamakon wani gwaji makamancin wannan a Nijar, wanda mujallar Nature ta buga a 2022, ya nuna inda amfanin yake. Cikin matan da ke karɓar tallafin gwamnati, an ƙara wa wasu jarin jaka 80 na sefa, wasu kuma horon dogaro da kai da majigin da aka nuna wa gari duka, mazaje da shugabanni na zaune, aka tattauna. Duka sun samu ci gaba, amma in aka auna da abin da aka kashe, hanya ta biyu ta fi riba.

A ganina dalilin a fili yake. Mace ba ta sana'a sai da yardar miji da dangi, kuma kuɗi kaɗai ba ya samo wannan yarda. Abin takaici, in kasafi ya matse, wannan zama da jama'a ake saurin yankewa, don ba ya ƙirguwa a rahoto kamar yadda ake ƙirga awaki.