Asalin Neman Shawara Daga Nesa: Daga Wayar Tangaraho Zuwa Wayar Hannu



Duk wanda ya daɗe a nan kudu ya san yadda labarin rasuwa ke iske mu. Waya ta yi ƙara da asuba, kafin ka samu mota an riga an kai mamaci makwancinsa. Ana zaman makoki a gida, kai kuwa kana bakin kasuwa da abin a cikinka. Haka wanda ɗansa ya faɗa shaye-shaye, ko aurensa ya mutu, ko jarinsa ya karye. Yanzu ana samun ƙwararrun da ke sauraron irin waɗannan ta waya da intanet, kuma da yawa sun ɗauka korona ce ta kawo abin. Ya girmi korona nesa ba kusa ba.

A watan Mayun 1935 wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson ya je garin Akron na Amurka, cinikin da ya kai shi ya rushe. Ya yi wata biyar bai sha giya ba, ga shi shi kaɗai a otal, ga mashaya a gefe. Maimakon ya shiga, sai ya ɗauki waya ya kira wani limamin coci, ya ce a haɗa shi da wani mashayi irinsa su yi magana. Aka haɗa shi da Dakta Bob Smith, likitan tiyata da giya ta ci ƙarfinsa. Likitan ya zo da niyyar minti 15, suka kwashe sa'o'i suna hira. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, wadda a zamanta ba a tambayar mutum cikakken sunansa.

A shekarar nan dai, can a Ingila, wani matashin limamin coci, Chad Varah, ya jagoranci jana'izar wata yarinya da ba ta wuce shekara 14 ba. Al'ada ce ta fara zuwa mata, ta ɗauka mugun ciwo ne, ba ta da wanda za ta tambaya, ta kashe kanta. Abin bai bar zuciyarsa ba. Ranar 2 ga Nuwamba 1953 ya buɗe layin waya a cocinsa da ke Landan don duk wanda rayuwa ta yi wa zafi, aka kira aikin Samaritans. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne, masu sa-kai da ke ba mutane shayi kafin layi ya zo kansu, su ne suka fi yi musu amfani. Sau da yawa mutum ya gama amayar musu da cikinsa ya tafi bai ga liman ba. Varah bai yi girman kai ba, ya miƙa musu aikin a 1954.

Kwamfuta ta shigo a 1966, lokacin da Joseph Weizenbaum ya ƙirƙiro wata manhaja, ELIZA, mai juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya. Ba ta fahimtar komai, amma sakatariyarsa ta taɓa roƙonsa ya fita daga ɗaki don ta gana da ita, abin da ya tsorata shi matuƙa. A 1986 jami'ar Cornell ta ba ɗalibanta damar tura damuwarsu ta kwamfuta ba tare da suna ba. Sai kullen 2020 ya tilasta wa likitocin ƙwaƙwalwa a duniya komawa ganin marasa lafiya ta bidiyo.

Mu a Najeriya mun makara, alhali matsalar ba ta jira mu ba. Binciken da aka fitar na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. A 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne suka kai mafi yawansu, kuma ban ce duk rashin tausayi ba ne. Kunya ce da rashin sanin inda za a dosa.

A 2022 hukumar NDLEA ta buɗe layin kira kyauta, dare da rana, ana kuma amsawa da Hausa. Sai dai a lura: wanda jikinsa ya saba da giya ko tiramadol, idan ya daina farat ɗaya yana iya kamuwa da karkarwa har da farfaɗiya. Wannan ba aikin waya ba ne, sai an kai shi asibiti likita ya riƙa rage masa a hankali.